Gidaje Masu Sauƙin Kuɗi a Illela: Sharhi a Kan Zubin Bulo da Kwano

Manufar wannan takarda ita ce auna zubin gidajen da hukumomi kan gina wa talakawa da ma'aunin garin Illela, wanda ke arewa da Sakkwato, daura da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. A ganinmu, ba ranar miƙa mabuɗi ake sanin arahar gida ba, sai an shekara goma a cikinsa.

Shirin gidaje na gwamnatin Shehu Shagari (1979 zuwa 1983) ya ƙudurta gina gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha, da zubi kusan iri ɗaya daga Legas har Sakkwato, watau bangon bulo da rufin kwano. Wannan zubi ne har yau ake komawa gare shi duk lokacin da ambaliya ta ci unguwa.

Aibinsa uku ne. Na farko, a watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, kwano kuwa tara zafi yake yi, sai ɗaki ya gagari kwana in babu lantarki. Na biyu, ba ya tanadin zaure, ba ya ware tsakar gida, alhali a nan maigida ke ganawa da baƙi, mata kuma su yi sana'a cikin sutura. Na uku, siminti sai an ɗauko shi daga nesa, mafi kusa Kalambaina, gyara kuma ya fi ƙarfin mai gidan.

To, amma kada a ɗauka muna cewa ginin gargajiya ba shi da illa. Soro yana son yaɓe kafin kowace damina, ruwa yana cin gindin bango, giginyar da ake tsaga azara daga gare ta kuma ta yi ƙaranci.

Amsar tana tsallaken iyaka. Tun 1980 aka soma koya wa magina a Nijar gini ba katako, inda ake tada rufi mai ƙubba da tubalin ƙasa zalla. Masallacin Yama na jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya sami lambar Aga Khan a 1986. A 2016 kuma aka kammala gidajen Niamey 2000 da tubalin ƙasa matsattse.

Saboda haka shawararmu ita ce a yi harsashi da dutse da siminti har ya ɗara inda ruwa ke kaiwa, a tada bango da ƙasar wurin, a maido da zaure, a kuma zauna da maginan gari da matan gida tun kafin a ja layin farko. Garin da hatsi da dabbobi ke ƙetare iyakarsa kowane mako bai kamata ilmin gini ya tsaya masa a shinge ba.