Labari Ba Mai Bayarwa: Tsokaci a Kan Wasan Castle Ravenloft

Manazarta adabi sun daɗe da yarda cewa ƙagaggen labari ba ya tsayuwa sai da mai bayar da shi. Wannan tsokaci zai auna wannan ra'ayi da wani wasan kan tebur na ƙasar Amurka, wanda ya yi ƙoƙarin ba da labari ba tare da bakin kowa ba.

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons. 'Yan wasa kan zauna ne kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin tauraro guda, wani mayaƙi, wani matsafi. Mutum ɗaya shi ne jagora: shi ke siffanta wuri, shi ke magana da yawun dodanni, kamar dai mai tatsuniya, sai dai a nan masu sauraro su ne taurarin. A 1983 Tracy da Laura Hickman suka rubuta wa wasan labarin Ravenloft, wanda ya ginu a kan Strahd von Zarovich, mashayin jini mai mulkin ƙasar Barovia. Strahd ya kashe ƙanensa Sergei saboda son budurwarsa Tatyana, ita kuwa ta faɗo daga ganuwar fada ta mutu. Jigon ke nan: son da ya rikiɗe ya zama la'ana.

Wannan labari ne kamfanin Wizards of the Coast ya mayar wasan kan tebur a 2010, na mutum ɗaya zuwa biyar, aka kuma cire jagora ɗungurungum. Kati ne ya gaje shi. Kowane dodo yana da katin da ya tsara masa abin yi: in jarumi na kusa ya kai masa hari, in ba ya kusa ya nufi mafi kusa. Shi kansa Strahd haka aka yi masa.

A ganina a nan ne wasan ya yi babbar asara. Abin da ya sa Strahd ya zauna a zukatan mutane shi ne wayonsa da baƙin cikinsa. Jagora nagari kan sa shi ya yi yaudara, ya ja da baya, ya tsani wannan ya ƙyale wancan. Kati ba ya kishi, ba ya kuma nadama. Sai muguntar ta koma lissafi, har ɗan wasa ya san takun magabcinsa tun kafin ya ɗaga ƙafa. Ina tsoro yake ga abin da aka riga aka karanta?

Amma kada a yi wa wasan rashin adalci. Dokarsa ita ce 'yan wasa ba sa gasa da juna. In jarumi ɗaya ya faɗi, damar farfaɗo da shi kuma ta ƙare, to, kowa ya faɗi. Saboda haka gardama kan kaure a tebur: a ceci rauni ko a ci gaba? Wa zai tari dodo? Rikicin da marubucin wasan kwaikwayo ke wahalar ƙullawa tsakanin taurarinsa, ga shi ya tashi da kansa tsakanin mutane masu rai, alhali Strahd yana cikin kwali yana jiran a juya katinsa.