Kwanton Ɓaunar Shaho a Lambunan Ingila

Mutanen Ingila suna da al'adar rataya wa tsuntsaye gyaɗa da tsaba a ɗan lambun gidansu. Duk inda gwara da ire-irenta suka saba taruwa kuwa, shaho ya san da zaman wurin. Farautarsa ta sha bamban da ta shirwa, wadda ke shawagi a sama kowa na kallonta har kaza ta ankara ta tattara 'yan tsakinta. Wannan ƙaramin shahon ba ya yarda a gan shi.

Laɓewa yake yi cikin ganye yana karantar wurin. In ya tashi, sai ya bi gindin shinge ƙasa-ƙasa, ƙirjinsa kamar zai shafi ciyawa, shingen na kare shi daga idon tsuntsayen da ke ɗaya ɓangaren. Daidai inda ya auna, sai ya karkace, ya haura, ya dira a kansu. Jikinsa ma na wannan aikin ne: gajerun fikafikai masu faɗi da ke ratsa tsakanin rassa, doguwar jela da yake shan kwana da ita, dogayen ƙafafu sirara, da zungureren yatsan tsakiya da ke cafke tsuntsu yana cikin tashi. Tseren dogon zango ba nasa ba ne. In bai yi kamu nan take ba, yawanci haƙura yake yi.

Kuma yakan haƙura sau da yawa, don wajen hari 1 cikin 10 ne ke yin nasara. Ƙananan tsuntsayen ma ba kanwar lasa ba ne. Da ɗaya ya hango shi, sai ya yi wani siririn fito mai wuyar gane inda ya fito, kowa ya faɗa duhuwa. A ganina nan gwanintar take: farautar wanda kullum a shirye yake.

Namijin shahon bai fi giram 150 da wani abu ba, ƙananan tsuntsaye ne rabonsa. Macen takan kusa ninka shi nauyi, har ƙatuwar tattabarar daji da ta fi ta nauyi tana dannewa, ta fige ta a tsakiyar lambu mai gida na leƙe ta taga. Wasu masu lambun suna jin haushin wannan, alhali a shekarun 1950 da 1960 magungunan ƙwari irin su DDT, masu rage kaurin ɓawon ƙwai, sun kusa share shahon daga gabashin ƙasar. Sai da aka taƙaita amfani da su sannan ya farfaɗo.