Dutsen Aro da Dutsen Gida: Sharhi a kan Koyon Zanen Tsaunuka a Zariya

Duk wanda ya lura da labulen da masu ɗaukar hoto ke ratayawa a shagunansu na Tudun Wada, ko zanen da ke bayan manyan motoci, zai ga wani irin dutse yana ta maimaituwa: dogo, shuɗi, mai tsini, da farar ƙanƙara a kansa. Babu irinsa a ƙasar Zazzau. Dutsen aro ne, kuma yana da tarihi.

Asalinsa wani salon zane ne da ya bunƙasa a Turai a farkon ƙarni na 19, wanda ya ɗauki tsauni a matsayin wurin da ɗan'adam ke ganin ƙanƙantar kansa. Fitaccen misali shi ne hoton da Bajamushe Caspar David Friedrich ya zana wajen 1818, wanda ke ajiye a Hamburg: mutum ɗaya tsaye a kan dutse, ya ba mai kallo baya, yana duban hazon da ya lulluɓe kwari.

Dabarar kanta ba abin rainawa ba ce. Fentin mai ba ya saurin bushewa, saboda haka ɗalibi yakan fara da shafe mai ruwa-ruwa, ya bari ya sha iska, sannan ya riƙa ɗora masu kauri. Ana koya masa cewa dutse na nesa ya zama shuɗi mai haske, na kusa kuwa ya yi duhu, ya fito da tsagarsa. Wannan horo ne na ido da na haƙuri. Inda gizo ke saƙar shi ne, ɗalibin yakan haddace launukan a matsayin doka, alhali kuwa amsa ce da masu zanen Turai suka bai wa iskar ƙasarsu.

A ɗauki Kufena, kusa da Wusasa. Ƙaton fā ne mai sulɓi, baƙi-baƙi da damina, toka-toka da rani. Idan hunturu ya kama, abin da ke shiga tsakaninsa da ido ƙura ce, ba raɓa ba; ba ya komawa shuɗi, sai dai ya dusashe ya yi fari-fari da ɗan ja. Mai zanen da ya shafa masa shuɗi littafi ya kalla, bai kalli dutsen ba. Wani abin da ya fi wannan nauyi shi ne ma'ana. A tunanin Bahaushe dutse ba kufai ba ne da mutum zai hau shi kaɗai don ya yi zugum. Mafaka ne lokacin yaƙi, mazaunin iskoki ne a wajen masu bori, kuma tushen gari ne, kamar yadda Dala take ga Kano. Ragowar tsohuwar ganuwa da ke kewayen Kufena shaida ce cewa wurin jama'a ne. Zana shi babu gona, babu makiyayi, babu hanya, share masa tarihi ne.

Ba yau aka fara wannan muhawara a Zariya ba. Bayan da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ya dawo daga Ibadan a 1955, wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a 1958. Ba su yi watsi da fentin mai ko buroshi ba. Abin da suka nema shi ne a haɗa dabarar baƙi da gadon gida. Sai dai yawancinsu 'yan Kudu ne, kuma gadon garuruwansu suka fi waiwaya: Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, Onobrakpeya ga tatsuniyoyin Urhobo. Duwatsun da ke gaban makarantar ba su ne suka yi musu suna ba.

Ko a harshe ma akwai aiki. Hausa ta bambanta dutse da tsauni da tudu da fā, ta bambanta hazo da buji. Malamin da ya fara darasi da waɗannan kalmomi, kafin ya buɗe kwalin fenti, zai ga ɗalibinsa ya miƙa hannu ga jar ƙasa kafin shuɗi.