Sharhi a Kan Fassarar Kalmomin Izinin Fayil Cikin Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan a kan kwamfuta, ɗaliban karkara suka tashi haiƙan neman ilimin wannan na'ura. A makarantun Ƙofa da Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Kano, malami kan karanta darasi da Turanci, sa'an nan ya warware shi da Hausa, domin a nan ne fahimta take zama. Manufar wannan maƙala ita ce a auna kalmomi uku da akan fassara kai tsaye wajen koya wa mai farawa izinin fayil, a ga ko sun ɗauki nauyin da aka ɗora musu.

2.0 Asalin Tsarin

Wannan tsari ya samo tushe ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a Amurka a 1969, Linux kuma ya gaje shi a 1991. An kasa mutane kashi uku dangane da kowane fayil, watau mai shi, da 'yan rukuninsa, da sauran jama'a. Izini ma iri uku ne: r mai lamba 4, da w mai lamba 2, da x mai lamba 1. Alal misali, umarnin chmod 754 ya ba mai fayil duka ukun, 'yan rukuni r da x, sauran jama'a kuwa r kaɗai. Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "karantawa", "rubutawa" da "aiwatarwa".

3.0 Nazarin Kalmomin

"Karantawa" ba ta da laifi in fayil ake nufi. Amma a kan folda, watau jakar da ake tara fayiloli, r ba ya ba mutum kome sai ganin sunayen abubuwan da ke ciki. "Dubawa" ta fi dacewa, don ta haɗe ma'anonin biyu.

"Rubutawa" ita ce mai haɗari. A tunanin Bahaushe, rubutu ƙari ne a kan allo ko takarda, wanke allo kuwa wani aiki ne daban. Alhali mai izinin w yana iya shafe duk abin da ke cikin fayil, ya bar shi wayam. Ɗalibin da ya buga chmod 777 yana zaton ya ba abokansa damar ƙara rubutu ne, ashe ya miƙa wa kowa ikon rushe aikinsa. Bugu da ƙari, share fayil ɗungurungum ya rataya ne a kan izinin foldar da yake ciki. Saboda haka "sauyawa" ta fi kusa da manufa.

"Aiwatarwa" kuwa kalmar hukuma ce, ta saba tafiya da hukunci da tsare-tsaren gwamnati. Yaron da ya taso yana ganin ana ta da injin niƙa ko na ban-ruwa a fadamun Tiga zai fi saurin gane "tayarwa". A kan folda kuma, ma'anar x ita ce "shiga". A nan tsarin gidan Bahaushe ya wadatar da malami da misali. Mai r ba tare da x ba kamar baƙo ne a zauren gidan da ba shiga: ya san sunayen mutanen gidan, amma ba ya isa gare su. Mai x ba tare da r ba yana iya shiga, sai dai wurin wanda ya riga ya san sunansa kurum zai nufa.

4.0 Kammalawa

An ga cewa fassarar kalma da kalma ta gaza a wurare uku, domin ta bi harafi ta bar aikin da izinin yake yi. Umarni irin su chmod dole a bar su yadda suke, tunda su na'ura take ganewa. Bayaninsu ne haƙƙinmu. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, ya nuna amfanin masana su zauna su yi ittifaƙi. Ya kamata sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su sake irin wannan zama, tare da malaman kwamfuta da na sakandaren karkara, a gwada kowace kalma a aji kafin a tabbatar da ita.