Sarauniyar Lugu a kan kantar ɗakin karatu: wane tarihi ake ba yara?

Duk malamin da ya taɓa tambayar ƴan kolaji, ko a Maraɗi ko a Tawa ko a Damagaram, sunan wanda ya ja daga da Nasara lokacin shigowarsu ƙasar Nijar, ya san amsar da ke fara fitowa: Sarauniya Mangu. In ya nemi ƙarin bayani, sai yara su zana masa matashiyar jaruma mai kwari da baka, wadda aka shayar da nonon goɗiya, ta kori Voulet da Chanoine da ƙarfin tsafi. In kuma ya tambayi inda aka samo wannan bayani, sai a nuna masa littafi guda, wato Sarraounia na Abdoulaye Mamani, ko kuwa fim ɗin da aka yi da shi. Littafin nan ƙagaggen labari ne, mai shi kuma bai taɓa ɓoye haka ba. Amma a ɗakunan karatu da yawa, inda kantar tarihin ƙasa ba ta wuce taƙi biyu ba, a nan ake jera shi, yaro kuwa abin da ya tarar a kan kantar tarihi shi yake ɗauka tarihi.

Maganar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, sa'ad da kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ba makawa za a buƙaci littattafan Hausa na tarihi da na rayuwar magabata domin lakwal da ɗakunan karatu. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko abin da ke hannu a fassara. Saboda haka ya dace a duba abin da ke hannun tun kafin ya shiga injin ɗab'i.

Abin da tarihi ya tabbatar game da Lugu ba shi da yawa, amma yana da ƙarfi. A farkon 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine ya taso daga bakin kogin Kwara ya nufi tafkin Cadi, yana ƙone garuruwa, yana kwashe hatsi da dabbobi, yana kama mutane su yi masa dako. Ranar 16 ga Afrilu suka auka wa Lugu, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, garin Azna da ke ƙarƙashin Sarauniya. Mutanen garin suka shiga sarƙaƙiyar daji suka yi ta harbi da kibau. Bisa lissafin Faransawa da kansu, an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun ƙone harsashi wajen 7000. An ƙone garin, amma ba a kama Sarauniya ba. Ayarin ya wuce ya yi wa Birnin Ƙwanni mummunar ɓarna a watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb a Dankori, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓe ragama, bayan kwana biyu zuwa uku kuma sojojinsu baƙar fata suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Laftana Joalland, wanda aka yi tafiyar da shi, ya ambaci Sarauniya a littafinsa Le drame de Dankori na 1930 cikin ƴan layuka na raini, a matsayin tsohuwar matsafiya.

Daga waɗannan ƴan layuka da abin da ya tsinta a bakin mutane Mamani ya gina littafinsa, wanda kamfanin L'Harmattan ya buga a Paris a 1980. Sanin mutumin yana taimakawa wajen gane aikin. An haife shi a Gudumariya a 1932, ya yi gwagwarmayar ƙungiyar ƙwadago, ya zama jigo a jam'iyyar Sawaba, ya yi shekaru yana gudun hijira har Aljeriya, ya komo bayan juyin mulkin 1974, ya kuma sha ɗauri a zamanin Kunce. Ya rasu a hatsarin mota a 1993. Mutumin da ya ga irin wannan rayuwa, in ya zauna rubutu, gwarzo yake nema wa jama'arsa, kuma ya samu. Ya ɗauki macen da rahoton soja ya wulaƙanta ya ɗora ta a tsakiyar fage, ya mai da hafsoshin Faransa abin kallo. Babukansa gajeru ne, labarin yana sauka daga sansanin Nasara zuwa fadar sarakuna zuwa Lugu ba tare da ya gajiyar ba, Faransancinsa kuma ɗan aji uku na kolaji yana iya binsa. Wannan ne ya sa littafin ya kama zukatan matasa, kuma ya cancanta. Fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, ya kai sunan Lugu ƙasashen da ba su taɓa jin sa ba.

Sai dai gwarzon da marubuci ya ƙera yana da siffar buƙatar marubucin. Ƙuruciyar Sarauniya a hannun Dawa mai renonta, da koyon yaƙi, da soyayyarta, da jawabanta, duka aikin alƙalamin Mamani ne. A Lugu, Sarauniya muƙami ne na addinin gargajiya da mata ke gada tun kafin Mangu, ya kuma ci gaba bayanta. Mai riƙe da shi tana zaune a keɓe, aikinta roƙon ruwa da tsare ƙasa da kula da al'adu, tare da Baura na Bagaji da dutsen shari'a na Tunguma. Masu baka na can suna danganta asalin sarautar da Daura. Yaron da ya karanta littafin kaɗai zai fita da hoton shugabar mayaƙa, ba zai san cewa akwai wani tsari na mulki da ibada a ƙasar Hausa wanda mace ke kansa ƙarni bayan ƙarni ba, alhali wannan shi ne babban abin mamaki a labarin. Haka kuma littafin ya raba duniya gida biyu: Azna masu tsayuwa, da sarakunan Musulmi masu jan ƙafa ko haɗa baki. Rabon ya yi wa ƙagaggen labari daidai, amma bai yi wa shekarar 1899 adalci ba. Ƙwanni da aka rusa garin Musulmi ne. Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, wanda aka kashe kyaftin Cazemajou a birninsa a 1898, ya fita ya tari ragowar ayarin a Tirmini a ƙarshen Yuli 1899, aka ci shi, daga baya aka kashe shi. Ƙarshen littafin ma, inda Sarauniya ke tara mutane na kowane addini da kowace ƙabila su kafa sabon zama, mafarkin ɗan Sawaba ne game da ƙasar da yake so a gina. Mafarki ne mai kyau, sai dai ba a samo shi a Lugu ba. Mai bincike Elara Bertho ta bi diddigin yadda wannan hoto ya tashi daga littafi ya shiga fim da raye-raye da waƙoƙi da darussan makaranta, har ya rufe ƴar gaskiyar da ke ƙarƙashinsa.

Ba Mamani ke da laifi ba, tun da ya rubuta wa duniya cewa labari ya ƙaga. Giɓin yana wajen littattafan da ya kamata su tsaya kusa da nasa. Ƙaramin littafin yara mai hotuna na Halima Hamdane, wanda kamfanin Cauris ya fitar a 2004, ya kira ta a bangonsa sarauniya mai sihiri ta Nijar, kalmar da ba ta yi nisa da ta Joalland ba, illa dai an wanke ta an shafa mata turare. Da Faransanci yake, a waje aka buga shi, kuma kafin ya iso hannun ɗan talaka a Madawa sai an yi da gaske.

A ɗaya gefen akwai aikin masana, kuma ba ƙarami ba ne. André Salifou ya rubuta tarihin sarautar Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971, da na tawayen Kawusan a 1973. Djibo Hamani ya fitar da tarihin Adar kafin zuwan Nasara a 1975. Philippe David ya yi aiki a kan tsohuwar Maraɗi da Ƙaura Hasau. Yawancinsu sun fito a jerin Études Nigériennes na cibiyar IRSH, an kuma tara faya-fayan tarihin baka a IRSH da CELHTO a Yamai. Amma waɗannan kundaye ne na jami'a, cike da ƙananan bayanai a gindin shafi. Ɗan shekara goma sha uku in ya buɗe sai ya rufe. Boubou Hama, tare da Andrée Clair, ya yi wa yara rubutu mai daɗi irin su L'aventure d'Albarka, amma ƙarfinsa ya fi tafiya ga tatsuniya da labarin ƙuruciya. Tsakanin kundin masani da ƙagaggen labari akwai fili, kuma a wannan fili ne yaro ke tsaye.

Sakamakon haka shi ne mutane da yawa ba su da mai gabatar da su. Tanimun, wanda ya mulki Damagaram daga 1851 zuwa 1884, ya gina ganuwar Birni ya sa aka ƙera igwa a garin, yaran Zindar sun fi sanin sa ta wasan kwaikwayon Salifou. Ɗan Kasawa da ya kafa mulkin Katsinawa a Maraɗi bayan faɗuwar Birnin Katsina, da Malam Jibrila ɗan Umaru malamin Shehu Usmanu, da Kawusan da ya kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, kowannensu ya isa littafi. Yara nawa ne a jahar Tawa suka san cewa Maratta, inda aka haifi Shehu a 1754, tana cikin ƙasarsu?

Ana iya cewa ai littattafan Zariya suna tsallako iyaka tun da daɗewa. Gaskiya ne, kuma sun yi amfani: Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu sun nuna cewa Hausa tana ɗaukar tarihi ba tare da ta yi ɗingishi ba. Amma kowane an rubuta shi daga ƙofar gidan mai shi. Ɗan Maraɗi ko ɗan Tsibiri da ya karanta tarihin jihadi daga ɓangaren Sakkwato kaɗai zai tarar da kakanninsa a sahun abokan gaba. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ana buƙatar waccan murya, ana kuma buƙatar ta wannan gefen iyaka, yaro ya ji duka biyu.

Littafin rayuwar magabaci da zai amfani matasa ba ya buƙatar girma. Shafi arba'in zuwa sittin sun isa, da taswira, da jerin shekaru, da Hausa a shafi ɗaya Faransanci a mai kallonsa in hali ya yi. Babban sharaɗi shi ne ya rarrabe wa yaro muryoyi uku a fili: abin da takardun lokacin suka ce da wanda ya rubuta su, abin da masu baka suka riƙe da garin da aka ji shi, da abin da marubuci ya cike da tunaninsa. Yaron da aka nuna wa cewa Joalland ya faɗi kaza, tsofaffin Lugu sun faɗi kaza, Mamani ya ƙara kaza, ya koyi Sarauniya ya kuma koyi yadda ake auna magana, wanda zai yi masa amfani ranar da wani ya turo masa ƙarya a waya. Sharaɗi na biyu, kada a mai da tarihi kirari. Tanimun mai ganuwa shi ne kuma mai kai hare-haren kama bayi, littafin da ya ɓoye wannan ya raina hankalin mai karatu. Na uku, a ba waɗanda aka zalunta wurinsu. Fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin, na 2020, ya nuna cewa jikokin mutanen garuruwan da Voulet ya ratsa suna riƙe da labarin har yanzu. Ana iya faɗa wa yaro abin da ya faru a Ƙwanni da harshe mai kunya, ba tare da an tsorata shi ko an yi masa rufa-rufa ba.

Wannan aiki bai fi ƙarfin malamai da ƙungiyoyin al'adu ba. Malamin tarihi da malamin Hausa na lise guda, in suka haɗa kai da wani dattijo masanin garin da mai zane, suna iya fitar da ɗan littafi cikin hutun damina, a kai wa masanin jami'a ya duba kafin a buga. Masu kula da ɗakunan karatu kuma suna da abin yi tun yau, wanda ba ya cin ko dala: a mai da Sarraounia kantar adabi inda darajarsa take, a manna ƴar takarda a cikin bango mai bayyana abin da ya faru ranar 16 ga Afrilu 1899 da abin da marubuci ya ƙara. Ya kamata a fassara littafin Mamani da Hausa, domin Sarauniya ta yi magana da harshenta, amma a fito da shi tare da ɗan'uwansa na tarihi, kada ya sake zama shi kaɗai a kan kanta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaran da za su fara karanta tarihin ƙasarsu da Hausa sun riga sun shiga aji. Allah ya ba masu alƙalami himma, ya sa a yi abin da zai amfani na baya.