Sifofin Turanci da Hukuncin Batsa

Akwai wata ɗabi'a da ta kama matasan masu sharhin littattafai a cikinmu, wato haddace manyan sifofin Turanci daga ƙamus, sannan a yi ta jifar kowane littafin soyayya da su. Sai ka ga an kira labari salacious a sakin layi na farko, lurid a na biyu, obscene a na uku, alhali abu guda ake nufi: batsa. Mu kam ba mu ƙi a koyi kalmomin ba. Abin da muka ƙi shi ne a ɗauke su tamkar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya.

Alal misali, lurid daga harshen Latin ta fito, inda take nufin launin rawaya mai dushi-dushi irin na fuskar majinyaci. A Turancin yau ana faɗinta ga labarin da aka cika wa gishiri don ya girgiza mai karatu, ko na kisa ne ko na lalata, ba lallai a sami tsiraici a ciki ba. Prurient kuwa tushenta kalmar ƙaiƙayi ce, saboda haka ta fi nuna zuciyar mai leƙen a kan abin da ake leƙawa. Ita risqué aron Faransanci ce, kuma ita ce mai sauƙin cikinsu, kamar ba'ar abokan wasa wadda ta kai bakin iyaka amma ba ta tsallaka ba.

Obscene ce mai haɗari, domin maganar kotu ce. A 1960 an gurfanar da kamfanin Penguin a Landan saboda buga littafin D. H. Lawrence mai suna Lady Chatterley's Lover, aka kuma wanke shi, don dokar Ingila ta 1959 ta yarda a kare littafi da darajarsa ta adabi. To, a Kano, inda aka kafa hukumar tace finafinai a 2001, aka kuma ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a 2007, duk wanda ya liƙa wa marubuciya wannan kalma a jarida ba ado ya yi wa sharhinsa ba, ƙara ya shigar. In shafi biyu ne suka dame shi, sai ya kawo lambarsu, ya faɗi wace sifa ce ta dace da su.