“Sayi Busta Kawai”: Shawarar da Ba Ta Kai Waifai Boskwata

Idan rautarka tana falo, kana kuma son waifai ya kai boskwata, ko ɗakin baƙi na tsakar gida, ko shagon da ke ƙofar gida, amsa ɗaya za ka ji daga mai shagon kayan waya zuwa masu bidiyon YouTube: sayi busta. Wato 'yar na'urar nan da ake cusawa a soket, wadda wasu ke kira rifita. A jikin kwalinta za ka ga an rubuta N300 ko AC1200, ga hoton gida sigina ta lulluɓe shi har lambu. Wannan shawara tana da arha, tana da daɗin ji, amma ga irin gininmu yawanci ba ta aiki. Kuma abin ba wasa ba ne ga ɗalibin da ke da jarabawa ta intanet a wancan ɗaki, ko mai shagon da cinikinsa ya dogara da netwok.

Mu fara da sunan. Kalmar “busta” tana sa ka zaci na'urar tana ɗaukar sigina mai rauni ta hura mata ƙarfi. Ba haka take yi ba. Saƙo take karɓa daga rauta, ta karanta, sannan ta sake faɗarsa, kamar yaron da aka tsayar tsakanin mutum biyu yana isar da magana. Idan yaron bai ji da kyau ba, ɗaga muryarsa ba zai gyara komai ba. Wannan ne ya sa wanda ya kai bustarsa cikin boskwata yake ganin sandunan sigina sun cika a waya, amma shafi ya ƙi buɗewa. Sandunan suna nuna ƙarfin haɗin wayarka da bustar ne kawai. Ba ruwansu da abin da ke tsakanin busta da rauta.

Akwai kuma haraji na biyu. Rediyon waifai ba ya ji yana magana a lokaci guda a tasha ɗaya. Busta mai rediyo ɗaya sai ta saurara, sannan ta maimaita, don haka kowane saƙo sau biyu yake hawa iska. Sakamakon: gudun yakan ragu zuwa kusan rabi, ko da an ajiye ta a wuri mai kyau. Wannan ba a rubuta shi a gaban kwali.

Abin da aka rubuta kuwa, shi ma yana buƙatar tankaɗe. AC1200 ba gudu ɗaya ba ne. An tara 300 na zangon gigahaz 2.4 da 867 na zangon gigahaz 5, aka sami 1,167, aka cike shi zuwa 1,200. Wayarka kuwa zango ɗaya take hawa a lokaci guda. Kuma waɗannan alƙaluma iyakar abin da rediyon zai iya ne a yanayi mafi kyau, kusa da na'urar. Sannan babu bustar da za ta ba ka gudun da ya wuce wanda layin MTN ko Airtel ko Starlink ya kawo gidan tun farko.

To, me ke cinye siginar? Abu biyu: nisa da abin da ta ratsa. Injiniyoyi suna auna asarar da desibel. Ka riƙe ƙa'ida uku: asarar desibel 3 rabin ƙarfi ne ya tafi, desibel 10 kashi ɗaya cikin goma ne ya rage, desibel 20 kuwa ɗaya cikin ɗari. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, kana asarar desibel 6. Daga mita 5 zuwa mita 40 ninki uku ke nan, wato desibel 18. Katangar siminti mai kauri kan iya cin desibel 10 ko fiye. A ce akwai biyu, ta babban gida da ta boskwata: 20 ke nan. Jimilla 38, ma'ana ƙarfin ya ragu fiye da sau 6,000. Siginar da take -45 dBm a falo ta koma -83 a can, alhali kiran bidiyo mai kyau yana son wajen -67 ko abin da ya fi haka.

A nan ne shawarar da aka kwaso daga waje take faɗuwa. Gidaje da yawa a Amurka da katako da allon farar ƙasa ake raba ɗakunansu, kuma sigina tana ratsa su cikin sauƙi. Mu kuwa bulo ne, ga rodi a cikin dekin, ga baglari a taga, ga ƙofar ƙarfe, ga rufin kwano. Ƙarfe mayar da igiyar rediyo yake yi kamar madubi. Tankin ruwa da ganyen darbejiya ko mangwaro su ma suna shan nasu kason, domin ruwa yana tsotse irin wannan igiya. Zangon gigahaz 5, mai tsawon igiya kusan santimita 6, ya fi gudu amma ya fi saurin mutuwa a katanga fiye da na 2.4 mai kusan santimita 12.

Wani zai ce maka, to sayi rauta mai dogayen eriya shida. Nan ma an manta cewa hira ce ta ɓangare biyu. Ko rautar ta yi ihu ka ji ta, sai wayarka ta mayar da amsa, ita kuma ƙaramar eriya gare ta, ga tsimin batir. Shi ma tsarin “mesh” da ake yayi yanzu, ya fi busta wayo, amma idan na'urorinsa ta iska suke magana da juna, katangun nan dai suna nan.

Akwai kuma masu cewa ka sayi na'urar da ke tura intanet ta wayar wutar lantarki. Dabara ce ta gaske, amma tana son soket ɗin biyu su kasance a layin wuta ɗaya. Boskwata da yawa mitar wutarta daban. Wasu gidajen an raba su a kan layin wuta uku. Kuma da zarar an ɗauke wuta, babban gida ya koma inbata ko janareta, boskwatar da ba a haɗa ba ta fita daga lissafi.

Abin da masu wannan shawara ba sa son faɗa shi ne mafita mafi inganci ba ta da burgewa: ka ja kebul. Wayar Ethernet irin Cat5e ko Cat6 tana ɗaukar gigabit guda har tsawon mita 100, katanga ba ta dame ta ba. A can ƙarshenta sai ka ɗora na'urar yaɗa waifai, ko tsohuwar rautarka bayan ka kashe mata DHCP don kada su biyu su riƙa raba adireshi. Da tsarin PoE, kebul ɗin ma zai iya kai wa na'urar wuta: ƙa'idar 802.3af ta 2003 tana ba da wat 15.4, ta 802.3at ta 2009 kuma wat 30. Ka ga idan babban gida yana kan sola, waifan boskwata ba zai mutu ba don an ɗauke wuta.

Sai dai kebul ɗin ma yana da sharuɗɗa. Ka nemi na waje, ka saka shi a fayif ka binne, don rana tana busar da robar na cikin ɗaki, ɓeraye kuma ba sa raina ta. Ka guji mai alamar CCA, wato alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe. Yana saurin karyewa, yana kuma zafi idan aka tura wuta ta cikinsa. Babban abin tsoro shi ne tsawa. Jan ƙarfen da ya haɗa gini biyu hanya ce ga wutar da tsawa ke haddasawa da damina, ta ƙone na'urori a ɓangarorin biyu. Ko dai ka sa na'urar kariya mai haɗe da ƙasa, ko ka ja faiba, wadda gilashi ce, wuta ba ta bin ta.

Idan ba halin haƙa rami, misali gidan haya ne ko titi ya raba, akwai rediyoyi biyu masu kallon juna, irin NanoStation na Ubiquiti ko CPE510 na TP-Link, ɗaya a kowane gini, a waje. Su dai suna son fili: a tazarar mita 50 a gigahaz 5, igiyar tana buƙatar sarari na kusan mita ɗaya kewaye da layin a tsakiyar hanya, don haka reshen bishiya ma yana iya rage ta.

Don a yi wa busta adalci, tana da ranarta. Idan ɗakin bai wuce 'yan mitoci ba, taga tana kallon taga, kuma WhatsApp ne kawai buƙatarka, za ta iya wadatarwa, muddin ka ajiye ta a inda siginar rauta ke da ƙarfi tukuna, ba inda ta riga ta mutu ba. Laifin shawarar shi ne ana ba da ita kafin a tambaye ka nisa nawa ne, katanga nawa ce, da me aka yi ta.

Saboda haka kafin ka fitar da ko sisi, ka auna. Ka matsar da rautar kusa da tagar da ke kallon boskwata, ka ɗaga ta sama. Ka sauke manhajar auna waifai a wayar Android, ka taka daga falo zuwa can kana duba lambar dBm. Idan a ƙofar ɗakin tana wajen -65, busta na iya yi. Idan ta kai -80, ka manta da ita, ka fara auna tsawon fayif. Araha dai, in ji Bahaushe, ba ta ado.